Fitilar kicin daga tsofaffin langa: yadda na samu aikin wani mai walda a Kano

Wata biyar ke nan da aka rataye mini wannan fitila a kicin, kuma da gangan na jinkirta yin sharhi a kanta, domin kayan wuta ba a yanke musu hukunci a ranar da aka kunna su, sai sun sha tururi da maiƙo, sun ga ƙurar hunturu sun kuma shiga zafin bazara. An haɗa fitilar ne da langa biyu da gwagwa ɗaya da tsohuwar taɓarya, dukkansu daga cikin kayan da mahaifiyata ta bari, Allah Ya jiƙanta da rahama, kuma wanda ya yi aikin wani mai ƙaramin shagon walda ne a cikin birnin Kano, wanda yake taɓa haɗa wuta a gefe. Ba zan ambaci sunansa ko na shagonsa ba, saboda akwai inda zan yaba masa ƙwarai, akwai kuma kuskure babba da ya yi wanda tilas in faɗa domin amfanin duk mai niyyar yin irin wannan aiki.

Duk wadda ta tashi a gidan Hausawa kafin kuloli da tangaran su mamaye ɗakunan amare ta san darajar da waɗannan kwanuka suke da ita. Langa da samira da fanteka su ne jere, su ake lissafawa idan ana maganar irin gatan da iyaye suka yi wa 'yarsu, kuma akasarinsu ba a ma cin abinci a ciki, sai dai a goge a mayar da su mazauninsu. Da farko daga ƙasashen waje ake shigo da su, daga baya kuma, a wajajen shekarun 1960, 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antun yin su a Legas da Kano, har suka zama abin da kowane gida yake iya mallaka. Na mahaifiyata sun shafe shekaru a cikin buhu a sito, ni ban iya rabuwa da su ba, ban kuma iya amfani da su ba, domin gindin wasu ya ɓantale har tsatsa ta fara ci, kuma langar da ta yi haka ba a zuba mata abinci. Duk lokacin da na shiga sito na ga buhun sai raina ya sosu, saboda na san irin tattalin da ta yi musu. Wannan shi ne dalilin da ya sa da na ga hoton wata fitila da aka yi da tsohon kwano, na ce lallai sai na nemi wanda zai iya mini irinta.

Shagon da aka kwatanta mini ɗan tsukuku ne, rabinsa ƙarafunan ƙofa da taga ne, domin su ne ainihin sana'ar mai shi. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ya karɓi kayan. Bai yi dariya ba, bai kuma ce in je kasuwa in sayi sabuwa in huta ba, kamar yadda mutum biyu suka faɗa mini kafin shi. Ya ɗauki kowace langa ya ɗaga ta wajen haske, ya ƙwanƙwasa gefenta da farce yana saurare, sannan ya ware guda biyu daga cikin biyar ɗin da na kawo ya ce waɗannan ƙarfensu ya yi laushi, ba za su jure huda ba. Na kuma tafi da tsohuwar fitilar ƙwai, ina sha'awar a saka mata ƙwan lantarki a rataye ta a tsakiya, amma ya ce, "Hajiya, wannan idan don ado ne ta yi, amma tankin kananzir ɗinta a ƙasa yake, shi zai tare hasken, kina yanka albasa kina cikin inuwa." Na duba na ga gaskiyarsa, kuma na ji daɗi da ya faɗa tun kafin ya karɓi kuɗina, alhali da ya yi shiru ya yi abin da na ce, kuɗin aikinsa ƙaruwa zai yi.

Huda langa shi ne wurin da ake gane gwani, kuma a nan ne na fi daɗewa ina kallo, domin na roƙe shi ya bar ni in tsaya a yi a gabana. Mutane da yawa sun ɗauka abin da ke jikin langa fenti ne, alhali gilashi ne da ake narkarwa a kan ƙarfe a zafin da ya kai kimanin digiri 800, shi ya sa yake ɓantalewa idan kwano ya faɗi maimakon ya goge. Saboda haka duk wanda ya danna masa injin huda da ƙarfi, gilashin zai tsage ya yi ta tafiya kamar tsagewar madubi. Shi sai ya kife langar a kan wani guntun katako da ya sassaƙe daidai cikinta, ya manna salatif ciki da waje a wurin da zai huda, ya fara da siririn bakin huda yana tafiya a hankali, yaronsa kuma yana ɗiga ruwa a wurin da tsinken tsintsiya don kada ya yi zafi. Sai da ya ratsa gilashin sannan ya sauya baki ya faɗaɗa ramin zuwa milimita 10, daidai bututun da waya za ta bi. Duk da wannan taka-tsantsan, langar farko ta ɓantale a ciki, faɗin wurin ya kai kamar na tsohon kwabo, kuma a kan farin gilashin da nake son ya riƙa mayar da haske ne. Ya tsaya ya nuna mini da kansa, ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, hannuna ne ya yi nauyi a ƙarshe." Allah Ya sa wadda ya fara da ita ita ce mafi ƙarancin kyau a cikin ukun, kuma shi ne ya zaɓi a fara da ita don gwaji, sauran biyun kuwa suka fita sumul. Shawarata ga duk mai son yin wannan aiki ita ce ta tafi da kwano fiye da adadin da take buƙata, kada kuma ta yarda a fara da wanda ta fi so.

Akwai wani abu guda da bai kula da shi ba a lokacin hudar, wanda daga baya na fahimci muhimmancinsa. Wasu tsofaffin kwanukan irin wannan, musamman masu launin ja da rawaya mai haske, akan samu dalma ko makamantanta a cikin launinsu, don haka ƙurar da ke fita idan ana huda su ba abar shaƙa ba ce. Ruwan da yaron yake ɗigawa ya rage tashin ƙurar, amma babu wanda ya rufe hancinsa a cikinmu, kuma ya kamata a ce an yi hakan.

Taɓaryar ita ce ta fi burge duk wanda ya shigo, kuma ba shawarata ba ce, tasa ce. Ni da na yi niyyar a sayo katako a yanka, sai ya tambaye ni ko babu wani tsohon icce a cikin kayan marigayiyar. Da na kawo taɓaryar ya goge ta da takardar gugar katako sama-sama, ya bar santsin da hannu ya yi wa tsakiyarta tsawon shekaru, ya shafe ta da mai kawai ba tare da ya yi mata fenti mai ƙyalli ba. Ya huda ta wuri uku, ya kuma sassaƙa siririyar hanya a bayanta, ɓangaren da ke kallon sama, inda waya za ta kwanta ba tare da an gan ta daga ƙasa ba. Taɓarya tana da nauyi, balle an haɗa ta da kwanuka uku, don haka ya ƙi yarda a maƙala ta a jikin silin, ya ce silin ado ne, ba ya ɗaukar kaya. Sai da ya hau ya laluba ya samu katakon rufi, ya ɗaura ƙugiya biyu a jikinsa, sannan ya rataye taɓaryar da sarƙa. Kowace langa ma da 'yar sarƙarta, ta yadda nauyin kwanon yana kan sarƙa, waya kuwa tana biye da ita a sake. Wannan tsari daidai ne, domin wayar da aka bar wa ɗaukar nauyi sannu a hankali take zamewa daga inda aka ɗaure ta, kuma daga nan ake samun tartsatsi. Ya bar tazarar kimanin santimita 80 tsakanin bakin kwanukan da teburin da nake yanke-yanke a kai, wadda ta isa haske ya bazu ba tare da ƙwan yana dukan ido ba, kuma kaina ba ya taɓa su idan na sunkuya.

Inda aikin ya samu tangarɗa shi ne haɗa wutar, kuma ba ƙaramar tangarɗa ba ce. Kwana uku da ratayewa, ƙanen maigidana, wanda aikin lantarki ya karanta, ya zo gaishe mu, na ja shi kicin ina nuna masa cike da murna. Ya yaba kyan abin, sannan ya ce a kashe wutar daga babban makunni, ya hau kujera ya kwance langa ɗaya. Abin da ya samu shi ne waya mai hanji biyu kawai, babu wayar ƙasa, wato mai launin kore da rawaya, kuma a inda wayar ta ratsa ramin da aka huda babu robar da za ta kare ta daga kaifin ƙarfe. Ya bayyana mini cewa wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma tunda langa da gwagwa da sarƙa duk ƙarfe ne, ranar da bakin ramin ya ci robar wayar, jikin fitilar gaba ɗaya zai ɗauki wuta ba tare da wata alama ba, fitila tana ci kamar kullum, sai wanda ya taɓa ne zai sani. A kicin kuwa, inda hannu kullum a jiƙe yake, ƙafa kuma sau da yawa ba takalmi, wannan hatsari ne da zai iya kai wa ga rasa rai. Aikin wayar ƙasa shi ne ta kwashe wutar da ta ɓalle ta sa makarin wuta, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, ya faɗi nan take kafin mutum ya taɓa. Na tuna cewa a cikin kwana ukun nan na goge langar da jiƙaƙƙen tsumma har sau biyu, kuma 'yata mai shekara tara ta hau kujera ta shafa taɓaryar, sai jikina ya yi sanyi.

Dole in yi wa mai shagon adalci a kan yadda ya karɓi ƙorafin. Da na kira shi bai yi musu ba, bai kuma ce ai haka kowa yake yi ba, ko da yake na san a gidaje da yawa haka ake yin. Ya zo washegari, suka tsaya da ƙanen maigidana suka duba tare, ya ce, "Malam, gaskiyarka, ni walda na fi sani, wutar kuma abin da na gani ana yi nake yi." Ya sauke fitilar ya koma da ita shago, ya sauya wayar da mai hanji uku, ya saka roba a bakin kowane rami, ya ɗaure wayar ƙasa da noti a jikin kowane kwano bayan ya kankare wurin har ƙarfe ya fito, domin wuta ba ta ratsa gilashin, ɗaurawa a kansa kamar ba a ɗaura ba ne. Ya kuma cire mazaunin ƙwai na roba ya saka na tangaran, wanda ya fi jure zafi. Kuɗin kayan kawai na biya, bai karɓi na aiki ba. Sai dai kuma an gano cewa a wurin da fitilar take rataye, wayoyin gidan ma guda biyu ne suka iso, don haka sai da aka jawo wayar ƙasa daga akwatin rarraba wuta, wanda wannan aikin ƙanen maigidana ne ya yi shi, kuma ya ci rabin yini. Wannan ba laifin mai shagon ba ne, amma wanda ya san aikin wuta sosai da ya duba tun ranar farko ya faɗa mini.

Ta fuskar haske, langa ta ba ni mamaki. Farin cikinta yana tattara hasken ya sauke shi kan tebur, har nakan tsince tsakuwa a shinkafa da daddare ba tare da na ɗauko tocila ba, abin da ban taɓa iyawa ba da tsohon ƙwan da ke manne a bango a bayana, wanda kullum inuwata nake yi wa kaina. Ƙwai na LED masu wat 9 muka saka, kowanne haskensa ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60, ukun a haɗe wat 27 ke nan, wanda batirin sola na gidanmu yake ɗauka ba tare da wahala ba idan an ɗauke wuta. Da farko masu farin haske ƙal mai shagon ya saka, waɗanda aka rubuta 6500K a kwalinsu, amma na ga suna sauya wa abinci kama, albasa tana soyuwa ban gane ta yi ja ba, miyar manja kuma tana yin wani duhu. Da na sauya zuwa masu 4000K, waɗanda haskensu bai kai wancan fari ba, sai launin abinci ya dawo daidai, jan furannin da ke bayan langar ma ya ƙara fitowa. Na gwada ƙwai mai caji domin ya ci gaba da haske idan wuta ta tafi, amma ya fi langar tsawo, yana leƙowa ƙasa yana kashe ido, don haka na cire shi. Akwai kuma batun zafi, domin ko da yake LED ba ya zafi kamar tsohon ƙwai, gindinsa yana ɗumi, kifaffen kwano kuma yana tara iska mai zafi a sama, abin da ke rage wa ƙwai kwana. A gyaran da mai shagon ya yi ya ƙara ƙananan ramuka huɗu a kewayen kowane mazauni don iska ta fita, kuma tun daga lokacin ƙwai ɗaya bai mutu ba, har a tsakiyar zafin Afrilu.

Gwagwar da ke tsakiya kuwa ra'ayina a kanta ya rabu biyu. Da daddare idan aka kunna ta, ramukanta suna watsa ɗige-ɗigen haske a silin da bango kamar an yayyafa gero, yara har zama suke yi suna kallo. Amma ga mai girki ba ta da amfanin langa, saboda rabin hasken yana tserewa ta gefe, kuma ita ce ta fi wahalar tsaftacewa. Maiƙon suya yana haɗuwa da ƙura ya toshe ramukan, sai na kashe wuta na sauke ta na wanke da ruwan ɗumi da tsohon burushin haƙori duk bayan mako uku, a lokacin hunturu ma fiye da haka. Langa kuwa shafa ɗaya da tsumma ta wadatar, tunda gilashi ba ya riƙe maiƙo. Da zan sake, langa uku zan yi, in kai gwagwar baranda inda ado ake nema. Taɓaryar ma tana shan tururi, kuma a wata na uku na lura da siririyar tsaga a gefe guda, wadda ba ta ƙaru ba tun da na fara shafa mata mai, amma wannan ya nuna cewa daidai ya yi da ya nisanta fitilar daga kan murhu ya kai ta kan teburin yanka.

A batun lokaci da kuɗi, ya ce mako ɗaya, aikin ya ɗauki kwana goma sha biyu, ban da kwanakin gyara, kuma sau biyu ina zuwa in tarar ya ajiye nawa yana haɗa ƙofar wani, abin da ban ji daɗinsa ba amma na fahimta, domin ƙofar ce take ciyar da shi. Ba zan faɗi adadin abin da na kashe ba tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, amma idan aka haɗa kuɗin aiki da sarƙa da waya da mazaunin ƙwai, ya ɗan zarce abin da ake sayar da fitilar rataye mai kai uku a shagunan kayan wuta na Sabon Gari a lokacin. Saboda haka wadda take neman sauƙin kuɗi ba nan za ta same shi ba. Wadda kuma ba ta da kayan gado tana iya samun tsofaffin kwanuka a wajen masu gwangwan ko dillalai da kuɗi kaɗan, sai dai ta duba gindinsu da kyau, domin wanda tsatsa ta huda ba ya riƙe noti.

Hukuncina a kan shagon shi ne, a aikin ƙarfe da icce, da sanin abin da zai dace da abin da ba zai dace ba, da kuma faɗin gaskiya idan an yi kuskure, ban ga abin da zan rage masa ba, kuma zan iya tura 'yar'uwata wurinsa ba tare da fargaba ba. A haɗa wuta kuwa ban yarda a bar shi shi kaɗai ba, shi ma da bakinsa ya faɗi iyakar saninsa. Wadda za ta kai masa aiki ta ce ya huda, ya goge, ya rataye, sannan ta kira ƙwararren mai aikin lantarki ya haɗa wayar, ya tabbatar wayar ƙasa ta isa jikin kowane ƙarfe, ya gwada da mitar gwajin wuta a gabanta kafin a kunna. Murafan langar guda biyu suna nan a ajiye, kuma mai shagon ya ce za su yi fitilar bango a ɗakin cin abinci idan aka saka ƙwai a bayansu hasken ya fito ta gefe. Na ce masa in sha Allahu bayan sallah zan kawo su, tare da langar da ta ɓantale, wadda nake son ya toshe raminta in shuka na'ana'a a ciki a bakin tagar kicin.